Tarhon Inna Rahamatu

Kai da kake shan shayi a falonmu duk Juma'a, da kai nake. Kada ka waiwaya, babu kowa a bayanka. Ka zauna a kujera mai laushi, ka miƙe ƙafa, ka yaba wa Babana akwatin tarhonsa, har ka ce ko a Kano ba kowane gida ke da irinsa ba. Ka ji tarho ya yi ƙara. Ka san wanda ya bugo, ka kuma san ɗakin da uwarsa take zaune, taku arba'in daga inda kake. Sai ka kurɓi shayinka ka kalli silin. Ni ma ban fi ka ba, don ni nake kawo shayin. Juma'a goma sha ɗaya muka yi haka, ni da kai. Saboda haka zauna ka ji abin da muka aikata.

Akwatin fari ne, bai fi tiren shayi girma ba, yana manne a bangon zauren gidanmu a nan Gumel. Layi ɗaya ke shigowa daga titi, shi kuma ya raba shi kafa takwas. Kafa ita ce ɗan ramin da ake cusa kan igiyar tarho, kowace igiya kuma ta bi bango ta nufi ɗakinta. Yayan Babana, Alhaji Hussaini, shi ya sa aka haɗa shi bara, 1997, lokacin da aka tura ɗansa Habibullah ƙasar Saliyo cikin sojojin kwantar da tarzoma. Kafa ta ɗaya ta falo ce, ta biyu ta ɗakin matarsa, Inna Rahamatu. Duk Juma'a bayan la'asar Habibullah yakan bi layi a can, a ba shi minti uku, ya bugo gida. Uban ya ɗauka a falo, uwar ta ɗauka a ɗaki, su yi ta katse wa juna magana har lokaci ya ƙare.

Farkon daminar bana Alhaji Hussaini ya rasu. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba shiga wurin maza. Kwana tara da rasuwar, Babana, Alhaji Manu, ya aika aka kira Jeremiah, ɗan Filato mai gyaran tarho, wanda ya haɗa akwatin tun farko.

"Ta ɗaya ka bar ta, ta falo ce," in ji Baba, yana nuni da sandarsa. "Ta uku ta shago. Ta huɗu ka sa mini faks ɗin nan da na kawo, saboda takardun shanu na Maigatari. Saura duk ka rufe."

Jeremiah ya tsaya da sukurdireba a hannu. "Har da ta Mama?"

"Na ce saura."

"Alhaji, tata ba ta tsare wa kowa komai. Kafa takwas ce, ko duka aka buɗe akwatin ba ya gajiya."

"Jeremiah, ni na kira ka ko kai ka kira ni?"

Jeremiah ya daddanna wasu lambobi, wani ɗan koren haske da ke kan kafa ta biyu ya mutu. Baba ya sa aka kawo ragowar jan fentin da aka shafa wa ƙofar gida, ya tsoma tsinke, ya ɗiga wa tarhon falo, da na shago, da faks. Ya ja da baya ya kalli aikinsa kamar wanda ya yi wa raƙumi lalle.

"Daga yau, duk tarhon da ba shi da jan fenti ba ya shiga layin nan," ya ce. Ya maƙala wa akwatin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa na dama, inda goro yake.

Babu wanda ya gaya wa Inna. Ranar Juma'a tun azahar ta goge tarhonta, wani tsoho kore mai juyawa, ta ɗora shi a cinya ta zauna bakin gado. Ƙarfe huɗu da rabi ta ji ƙara daga can falo. Ta ɗaga nata, ta kara a kunne. Shiru. Ta hura, ta bubbuga, ta juya sifiri. Shiru.

A falo kuwa, ka tuna, kana nan. Baba ya yaye ƙyallen leshin da ake rufe tarho da shi, ya gyara murya.

"Habibu? To, madalla. Yaya aiki? Can ma ana ruwa? Mu nan gero ya tsiro. Innarka? Lafiyarta ƙalau, tana takaba, tana gaishe ka. Af, an ce takalman sojan nan naku suna da ƙarko. Lamba arba'in da uku nake sawa. Kana ji? Arba'in da uku. Halo? To, ya yanke."

Kuka yi dariya, aka ƙara shayi.

Kafin magariba Inna ta aike ni in kira shi. Ya zo ya tsaya bayan labule, don namiji ba ya shiga ɗakin mai takaba. Ita ta rene shi. Yana ɗan shekara shida aka kawo ta gidan nan amarya, kuma tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanen miji.

"Manu mai kunnen zomo," ta ce daga ciki, "me ya sami tarhona?"

"Ina wuni, Yaya. Hutu na ba shi."

"Ya ce maka ya gaji?"

"Ba haka ba ne. Takaba kike. Layin nan maza ke bugowa, 'yan Damagaram, 'yan Sule Tankarkar, dillalan shanu. In ya yi ƙara a ɗakinki kika ɗauka, wani ƙato ya ji muryarki, me za a ce da gidan nan?"

"Sai in ce masa shanun sun ƙare. Ɗana nake so in ji, Manu."

"Ai na ji miki shi. Lafiyarsa ƙalau."

"Da kunnenka na haife shi?"

Baba ya yi dariya sosai, ya ce Yaya ba ta rabo da barkwanci, ya tafi masallaci.

Juma'a ta biyu hujjar ta sauya. Tarhon Inna tsoho ne, in ji shi, mai juyawa ne, in aka haɗa shi zai rikita wa akwatin ƙwaƙwalwa. Shekara guda yana haɗe bai rikita komai ba, amma ba wanda ya tuna masa. Ta uku ya ce faks ba ya son kishiya a layi, takardar Maigatari za ta fito a karkace. Faks ɗin nan, tun da aka kawo shi takarda biyu ya taɓa fitarwa, ɗaya ma ta wani ce da ya ɓata lamba. Ta huɗu ya ce tausayin yaron yake ji: in uwa ta yi masa kuka, zuciyarsa za ta karye, kuma soja mai karyayyar zuciya ba ya daɗewa a fagen fama. Wannan ta fi burge ku. Na ji wani a cikinku ya ce Alhaji akwai hangen nesa.

Duk wannan lokaci Inna tana mayar da abin wasa. In na kawo mata tuwo sai ta ce in fara kai wa faks, shi ne babba a gidan. Ta ce in tambayi Baba ko in ta ɗiga wa goshinta jan fenti za a bar ta ta yi magana. Matan unguwa masu zuwa taya ta zama su yi ta ƙyaƙyata dariya har da hawaye, su ce Rahamatu ba ki da dama, su tashi su tafi gidajensu.

Daga Juma'a ta shida wasan ya fara raguwa. Na shiga na tarar da ita ta kara mataccen tarhon a kunne, ba ta cewa komai.

"Khairiyya, zo nan," ta ce. "Ke kin ji muryarsa?"

"Na ji Baba yana magana da shi."

"Kin ji muryar Babanki. Ni ma ina jin ta tun bai iya ɗaure wando ba. Muryar Habibu nake tambaya."

Ban ji ba kuwa.

"Ranar da Baffanki ya rasu a Kano," ta ce, "Manu ya bugo mini da safe, a wannan tarhon. Ya ce mini Yaya ya sha kunu, yana jin sauƙi. Na yanka kaza na ɗora farfesu. Farfesun yana kan wuta mota ta tsaya da gawa. Ban ce ya yi laifi ba, haka ake yi a gidan nan, ba a gaya wa mace mutuwa a waya. To yanzu kullum ana ce mini lafiyarsa ƙalau, an kuma cire mini abin da zan ji da kunnena. Ke mai ilimi, gaya mini me zan ɗauka."

Nan ne ya kamata in tashi in fasa kwaɗon nan da taɓarya. Ban yi ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kalmar da kowane rago a ƙasar nan ya haddace.

Daga nan tuwo ya fara dawowa yadda aka kai shi. Ta daina tambayar ko akuyarta ta haihu. Ta sa aka kawo mata ƙaramar rediyo, in an ambaci Saliyo ta ƙura wa bango ido, in an wuce ta kashe. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma tana naɗe shi sau ɗaya da rabi. In tarho ya yi ƙara ranar Juma'a ba ta ƙara ɗaga nata, sai ta ƙirga numfashi, ta ce mini, "Yau ya fi na wancan satin gajarta. Manu ya fara rasa abin da zai ƙirƙira."

Na yi ƙoƙari irin namu na 'yan boko, wato na baki. Na ɗauko littafin fiƙihu na sami Baba yana cin abinci, na karanta masa babin idda daga farko har ƙarshe, babu inda aka hana uwa jin muryar ɗanta. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya suɗe hannu, ya ce, "Takardar malanta ce ke magana. Allah Ya yi albarka, miƙo mini ruwa." Na je wurin limamin unguwa. Ya ce gaskiya babu haramci ko kaɗan, amma maganar cikin gida ce, kuma Alhaji Manu mutum ne mai hankali, zai gane da kansa. Na koma wurin Ummata. Ta ce in yi haƙuri, takaba ai ba ta dawwama, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Kowa yana da kalma mai daɗi. Babu mai makulli sai mutum ɗaya.

Ranar Laraba bayan Juma'a ta goma sha ɗaya, Rhoda matar Jeremiah ta zo gaisuwa. Tare muke koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma Inna ce ta koya mata dambun zogale lokacin da suka zo garin nan ba su san kowa ba. Ta ga yadda Inna ta koma, ta ajiye kwanon da ta kawo ta zauna a ƙasa.

"Mama, wallahi mijina ba ya jin daɗin abin nan. Kullum sai ya ce hannunsa ne ya kashe hasken."

"To ya kunna mana."

"Ya ce ba ya buɗe akwatin mutum a bayan idonsa. In ya yi sau ɗaya, babu gidan da zai ƙara yarda da shi."

"Ya yi gaskiya," in ji Inna. Ta shafa kan tarhonta. Can sai na ga wani abu ya motsa a gefen bakinta, abin da na yi wata guda ban gani ba. "Rhoda, dokar Manu cewa ta yi sai mai jan fenti, ko?"

"Haka ne, Mama."

"Ta faɗi inda mai jan fentin zai zauna?"

Muka kalli juna.

"Ki tambayo mini mijinki," ta ce, "akwatin nan yana sanin tsawon igiya?"

Washegari Rhoda ta kawo amsa a makaranta. Jeremiah ya ce akwati bai san tsawo ba, kafa kawai ya sani. Ya ce kuma yana da igiya yadi hamsin da ta saura daga wani aiki a Gagarawa, tana tsare masa wuri a shago.

Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya da rabi maza suka fita masallaci, gida ya zama namu. Jeremiah ya zo a kan kekensa ya tsaya a zaure, bai wuce nan ba. Ya zauna daidai ƙarƙashin akwatin, ya juya masa baya.

"Malama, ki zama shaida," ya ce mini. "Ban taɓa akwati ba, ban taɓa kwaɗo ba. Igiya nake gyarawa, kuma gyaran igiya aikina ne."

Ya haɗa wa doguwar igiyar kai biyu, ya nuna mana inda za mu cusa. Na shiga falo na ɗauko tarhon Baba, fari mai maɓallai, da jan fentinsa da komai. Rhoda ta fitar da igiyar ta tagar baya. Muka bi da ita bayan randunan ruwa, muka ɗaga ta kan igiyar shanya, muka zagaye madafa. A wajen turken awaki akuyar Inna ta kama ta da baki, sai da Ummata, wadda ta ce ba ruwanta, ta fito da dusa ta janye hankalinta. Da ta gama ta ce har yanzu ba ruwanta, ta koma ta leƙo ta taga.

Igiyar ta kai ɗakin Inna har da ragowar yadi uku. Na ajiye farin tarhon a cinyarta. Ta ɗaga, ta kara a kunne, ta ji kukan layi. Ta daɗe tana saurarensa kamar ana yi mata hira.

"Saura abu ɗaya," ta ce. Ta miƙo mini tsohon koren. "Kai wa Babanki wannan. Ki rufa masa leshinsa da kyau, kada ya yi ƙura."

Bayan la'asar kuka hallara kamar kullum. Na kawo shayi. Baba yana ba ku labarin wani bijimi da aka kawo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wanda sai da mutum shida suka riƙe shi. Ƙarfe huɗu da rabi tarho ya yi ƙara, amma daga nesa, can cikin gida, kamar kukan tsuntsu.

Baba bai lura da nisan ba. Ya gyara murya, ya yaye leshi, ya ɗauka.

"Habibu? Halo?"

Ya hura. Ya bubbuga. Sai a lokacin ya kalli abin da ke hannunsa, ya ga kore ne. Na tsaya da tire ina kallonsa yana jin abin da Inna ta yi Juma'a goma sha ɗaya tana ji. Bai kai rabin minti ba ya fara zufa.

"Ina tarhona?"

Ya hango igiya ta fita ta taga. Ya tattara babbar rigarsa ya zagaya, ku kuma, da ba ku taɓa tashi don Inna ba, kuka tashi don kallo, kuka tsaya a bakin ƙofar tsakar gida kuna miƙa wuya. Baba ya bi igiya bayan randuna, ya sunkuya ƙarƙashin shanya, wani zane ya tafi da hularsa, ya zagaye madafa, akuya ta yi masa kallon raini. Igiya ta shige ƙarƙashin labulen Inna. Nan ya ci birki. Al'adar da ya tsare ta da ita, ita ce ta tsare shi. Ɗakin mai takaba ne, kuma ga mutane suna kallo.

Daga ciki muryar Inna ke fitowa.

"Habibu? Faɗi sunana in ji. Sake faɗi. To. To, alhamdu lillahi. Kana cin abinci? Wane irin abinci? Me? Sake faɗa mini, ban ji ba."

Sai kuma wata irin dariya, wadda ban san ko dariya ce ko kuka ba sai da ta yi tsawo.

Baba ya yi gyaran murya. "Yaya, layin nan na aiki ne."

"Yi mini shiru, mai kunnen zomo, saura minti ɗaya. Ba da kai nake ba, Habibu, da Baffanka nake. E, yana nan a tsaye, lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ka."

Ko kai sai da ka yi dariya a nan, na ji ka.

Da layin ya yanke, ta ɗaga gefen labule kaɗan, iya yadda murya za ta fita sosai.

"Manu, kana nan?"

"Ina nan."

"Ka san abin da ɗanka ya ce mini? Ya ce tun Juma'a ta huɗu ya yanke cewa na bi ubansa. Ya ce ya san gidansu, ya san abin da lafiyarta ƙalau take nufi. Ya yi mini addu'a, ya sayi biskit ya raba wa abokansa sadaka. Ya ce yana bugowa ne kawai don ya ji ranar da za ka gaji ka faɗa masa gaskiya." Ta numfasa. "Ni na binne shi a nan, shi ya binne ni a can, kai kuma kana tsakiya kana neman takalmi lamba arba'in da uku."

Baba ya buɗe baki. Na san fuskar nan, hujja ta biyar yake nema. Ya dubi igiya, ya tuna jan fentin da ke kan tarhon, wanda shi ya ɗiga da hannunsa. Ya dubi ku. Ku kuma kuka kalli sama, don babu silin a tsakar gida.

"Ai don kada hankalinku ya tashi na yi," ya ce a hankali.

"To ya kwanta," in ji Inna. "Khairiyya, akwai sauran tuwon rana? Ki haɗo da man shanu. Ki duba mini kuma ko akuyar nan ta kusa haihuwa, na ga kamar ta yi nauyi."

Malmala biyu ta ci a gabana, ta nemi ƙari. Rhoda ta yi ta rawa a tsakar gida ba kiɗa, Ummata ta fito ta ce ita dama tun farko ba ta goyi bayan rufe kafar nan ba.

Da a tatsuniya ne, da a nan Baba zai ciro makulli. Bai ciro ba. Washegari da safe ya naɗe igiyar Jeremiah da hannunsa, ya aika masa da ita da saƙon cewa ya gode. Ya mayar da farin tarho falo, ya sayo wa ƙofar falon kwaɗo na biyu, ya ce daga yau in zai tafi masallaci zai kulle. Da na tambaye shi kafa ta biyu fa, ya ce zai duba. Yau kwana huɗu yana dubawa. Hasken nan har yanzu a mace yake, kuma saura Juma'a biyar Inna ta fita takaba.

Kada ka ce mini biyar ba yawa. Yaron yana inda ake harbi. Ba ni da tabbacin Juma'a biyar, kai ma ba ka da shi, Baba ma ba shi da shi.

Babana ba mugu ba ne, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Mutum ne da ya sami makulli, ya ji daɗinsa a aljihu, ya kuma sami falo cike da mutane masu ce masa akwai hangen nesa. Ni 'yarsa ce, in na yi magana takarda ce ke magana. Jeremiah baƙo ne, Inna tana bayan labule. Kai ne sa'ansa. Kunyarka yake ji.

Jibi Juma'a. Za ka zo, na sani, ba ka taɓa fashi ba. Zan kawo shayi in ajiye a gabanka. Kada ka ɗauki kofin. Ka dube shi a ido ka ce, Alhaji, buɗe wa matar yayanka kafa ta biyu, yanzu, muna zaune. Makullin yana aljihunsa na dama, tare da goro. Jeremiah zai kasance a zaure tun ƙarfe huɗu da sukurdirebansa, aikin bai fi minti biyu ba. In ya kawo hujja, ka ce ka ji, ka sake faɗa. In ya ƙi, ka tashi ka bar masa shayinsa ya huce.

In kuma ka koma gida, kafin ka cire hula, ka zagaya ɗaki ɗaki ka duba wa aka zare wa igiya a naka gidan, ka mayar masa da ita da hannunka.